Kafin ka jefa katin farko a Birij, me ka ji a gwanjo?

Tunda aka gama kaka aka kai gero da dawa rumbu, majalisarmu ta gindin darbejiya a nan ƙauyenmu na ƙasar Gumel ta koma ta Birij, kuma mutane sun ishe ni da tambaya, wasu a waya wasu in an haɗu a kasuwa, wai Malam wace irin karta ce wannan kuke yi tsit kamar masu zaman makoki, ba a jin fik tu ba a jin janar maket. To bari in zayyana iya abin da na iya, amma wuri biyu zan fi tsayawa, tayi da kuma katin farko, dan a nan ne sabon shiga yake ɓarar da wasa tun bai san an fara ba. Kuma tun wuri in faɗa, mu ko sisi ba ma sawa, maki kawai ake rubutawa a bayan tsohon littafin lissafi, da ladan ya kira an tattara kati kenan. Wanda ransa bai kwanta da karta ba kwata-kwata ban ja da shi ba.

Birij ɗin nan dai ba gadar Wudil ba ce. Jikan wata tsohuwar kartar Ingila ne da ake ce wa Wist, lissafin da ake yi da shi yanzu kuma wani attajirin Amurka mai suna Harold Vanderbilt ne ya tsara shi a 1925 yana cikin tafiya a jirgin ruwa, har hukumar duniya gare shi tun 1958, su Bill Gates da Warren Buffett duk 'yan wasan ne. Ni a waya na koya, a Bridge Base Online, sannan na zo na shafa wa mutum uku jarabar, kawuna tsohon malamin gona, da telan bakin masallaci, da wani ƙanina mai tsaron kemis.

Mutum huɗu ne, biyu-biyu, abokinka yana zaune kuna fuskantar juna. Kati 52 babu joka, kowa 13, kuma ba katin Whot ba, wancan mai A da K da Q da J, wato As, Sarki, Kwin, Jak. Gida huɗu ne, mu dai mun laƙaba musu suna yadda bakinmu zai iya: baƙin nan mai tsini Mashi, jan nan Zuciya, sai Daiman, sai baƙi mai kunne uku Ganye. Girmansu a gwanjo daga ƙasa Ganye, Daiman, Zuciya, Mashi. Biyun sama su ne manyan gidaje, biyun ƙasa ƙanana. Rabo da wasa duk ta hagu suke zagawa kamar hannun agogo, satin farko sai da muka sha rigima da Kawu a kan wannan, shi a wurinsa abin arziki ta dama ake fara shi.

Kowa ya jefa ɗaya, babba ya kwashe, ci ɗaya kenan, ci 13 ne a kowane rabo. In kana da gidan da aka fito da shi dole ka bi, in babu ka yar da wani ko ka yanka da turam. Turam shi ne gidan da aka naɗa wa sarauta a wannan rabon, 2 ɗinsa ma tana kayar da As na wani gida. Ana kuma iya yin wasan ba turam sam, a gwanjo shi Ba-turam ɗin yana saman Mashi.

To waye zai naɗa turam? Nan gwanjo ya shigo. Ci shida na farko ba a ƙirga su, in ka ce "1 Zuciya" ka ɗau alkawarin kai da abokinka za ku ci 7 da Zuciya a turam, "4 Mashi" ci 10 kenan, 7 ita ce ƙarshe wato duka 13. Kowane tayi sai ya ɗara na baya, wanda ba shi da ta cewa ya ce fas, in mutum uku suka yi fas a jere bayan tayi an sallama. A ɓangaren da suka ci gwanjon, wanda ya fara ambatar gidan shi ne ɗan kwangila. Na hagunsa ya jefa katin farko, sai bayan nan abokin ɗan kwangilar ya baje katinsa duka a tabarma kowa ya gani, mu shanya muke ce wa wannan hannun. Ka riƙe wannan: katin farko shi kaɗai ne ake jefawa ba a ga shanya ba. A makance kake, sai abin da kunnenka ya kwaso.

Wanda ya taɓa zuwa kara a Maigatari ranar Alhamis ya san mai tayi ba ya buɗe aljihunsa, ɓoyewa ita ce gwaninta. A nan kuwa akasin haka ne, tayinka labari ne kake ba abokinka na abin da ke hannunka, matsalar kawai su ma abokan karawa suna zaune suna ji.

Da ka ɗau kati ka jera gida-gida ka ƙirga. As 4, Sarki 3, Kwin 2, Jak 1. Wani Ba'amurke Milton Work ne ya yaɗa wannan ƙirgen, Charles Goren ya zo ya ƙara baza shi duniya. Duk kartar maki 40 ne, kenan rabon kowa in an yi adalci 10. Lambar da za ka haddace ita ce 25. In naka da na abokinka sun kai 25 ko 26 ku nufi gem, wato 3 Ba-turam ko 4 Zuciya ko 4 Mashi. Gem a ƙananan gidaje sai an hau 5, ci 11, shi ya sa ake gudunsa. In kun kai 33 ku leƙa ƙaramin silam, ci 12, babban silam kuma, ci 13, wajen 37.

Me ya sa ake wannan naci a kan gem? Duba littafin maki. Ka tsaya a 2 Mashi ka ci 10, za a rubuta maka 170. Wani da kati iri ɗaya ya yi ƙarfin hali ya ce 4 Mashi ya ci 10 ɗin nan dai, 420, in kuma rabon ja ne, wato wanda lada da tara duk suka fi yawa, 620. Aiki ɗaya kuka yi, bakinsa ne kawai ya fi naka.

Buɗe gwanjo yana son maki 12 ko 13 zuwa sama. Ƙasa da haka ka yi fas ba kunya, shiru ma magana ce, abokinka ya ji. Ga misali:

Mashi A K 8 5 3, Zuciya Q 7 2, Daiman K J 4, Ganye 9 2

Maki 13, Mashi biyar, ka ce 1 Mashi. Tsarin da muke bi irin na Amurka ne, ba a buɗe babban gida sai da kati biyar. In gida biyu ne biyar-biyar fara da na sama. In babu babban gida mai biyar sai ka buɗe ƙaramin da ya fi tsawo, uku-uku ne ka ce Ganye, huɗu-huɗu ka ce Daiman. Ga wani kuma:

Mashi K Q 4, Zuciya A J 6 2, Daiman K 9 3, Ganye Q J 5

Maki 16, hannu a shimfiɗe, babu gidan da yake wayam babu mai kati tilo. Wannan 1 Ba-turam ne, 15 zuwa 17. Shi ne tayin da na fi ƙauna dan kalma ɗaya ta gama bayani. Amma mutanen Ingila masu tsarin Akol su nasu 12 zuwa 14 ne, saboda haka in ka shiga intanet ka haɗu da baƙo ku daidaita tun kafin a raba, ba a fafe gora ranar tafiya. Sauran a gurguje: 2 Ba-turam 20 zuwa 21, 2 Ganye ba ruwanta da Ganye, ma'anarta hannuna ya cika ya batse, 22 ko fiye, kada ka kuskura ka yi fas. 2 Daiman ko Zuciya ko Mashi kuwa hannun talaka ne mai dogon gida, kati shida masu kyau maki 6 zuwa 10, ana yinsa dan a tare wa abokan karawa hanya. Mai kati bakwai ya yi tsalle zuwa 3.

Yanzu abokinka ne ya buɗe da 1 a wani gida. Da maki 6 dole ka amsa, dan zai iya zama yana da 19 ko 20 a can yana jiranka. Abin da kuke nema shi ne gidan da in an haɗa naku ya kai kati takwas. Ya ce 1 Zuciya kana da uku, shikenan an dace, 6 zuwa 9 ka ce 2, 10 zuwa 12 ka ce 3, in kai ma kana da hannun buɗewa to kada ka bari gwanjo ya mutu ƙasa da gem. Da zarar an dace da gida gajerun gidajenka sun zama dukiya tunda za ka yi yanka da su, ka ƙara wa kanka 5 in wani gida wayam ne, 3 in tilo ne, 1 in biyu ne. In ba ku dace ba ka ambaci naka gidan a hawa na 1 da kati huɗu, amma hawa na 2 da sabon gida sai da 10. Babu ko ɗaya, ka ce 1 Ba-turam, 6 zuwa 9. Kuma sabon gida daga bakin mai amsa tambaya ce, wanda ya buɗe ba ya yin fas ya bar shi a rataye, tela ya yi min wannan sau biyu a dare ɗaya har na fasa ba shi ɗinkin sallah, daga baya dai na huce.

In 1 Ba-turam ya buɗe lissafin na hannunka. Ƙasa da 8 da shimfiɗaɗɗen hannu fas, 8 ko 9 ka ce 2 Ba-turam wato in kana da ƙarfi ƙarasa, 10 zuwa 15 kai tsaye 3 Ba-turam. In kuwa kana da kati huɗu a babban gida da maki 8 ko fiye sai ka ce 2 Ganye, ana kiranta Stayman, tambaya ce kawai: kana da babban gida mai huɗu? Ya ce 2 Zuciya ko 2 Mashi in akwai, 2 Daiman in babu. Ka riƙe wannan tambayar, za mu dawo kanta wajen katin farko. Ta silam kuma ita ce Blackwood, 4 Ba-turam, As nawa gare ka? 5 Ganye babu ko huɗu, 5 Daiman ɗaya, 5 Zuciya biyu, 5 Mashi uku. Amfaninta hana ku hawa 6 alhali As biyu suna hannun mutane.

Kuskuren da na fi gani ba na ƙirga ba ne, na maimaita magana ne. Mutum ya ce 1 Ba-turam, ya riga ya faɗi duk abin da ya mallaka, abokinsa ya haɗa ya raba ya tsaya a wuri kaza, sai ka ji ya sake ɗagawa wai katin ya yi masa kyau a ido. Wanda ya san abin da ke aljihu biyu shi ke yanke ciniki. Kai da ka gama bayani sai ka kama bakinka.

To in su suka riga buɗewa fa? Za ka iya kutsawa da gida mai kati biyar, ko da maki 8 ne in a hawa na 1 ne, amma gidan ya zama na kirki. Mashi K Q J 9 5 ka faɗe shi da ƙarfin gwiwa, ko ba ku ci gwanjon ba ka gaya wa abokinka abin da zai jefa. J 8 6 4 2 kuwa bar shi a cikinka ko da makinka sun ɗan fi, dan bawan Allah zai ɗauko Sarkinsa ya jefa saboda maganarka a kwashe a banza. Akwai kuma dabul. Asalinsa ninka tara ne, wato na rantse ba za ku cika alkawari ba, amma in an yi shi a kan tayin 1 na farko ma'anarsa daban: ina da hannun buɗewa, gidansu gajere ne a wurina, sauran ukun duk ina da su, zaɓi ɗaya. In abokinka ne ya yi wannan dabul ɗin na gaba kuma ya yi fas dole ka zaɓa ko da hannunka fanko ne, sai dai in kai ne ka tara gidan nasu da yawa masu ƙarfi.

Abu ɗaya da sai da muka yi da gaske a majalisa: ba tari, ba ƙifta ido, ba jan "faaas" mai nuna akwai ɗan abu, ba buga kati da ƙarfi. Kuma duk yarjejeniyar da ke tsakaninku in abokan karawa suka tambaya sai kun faɗa musu, babu ta ƙarƙashin ƙasa. A gasa ma ba a magana da baki, katunan tayi ake ajiyewa, a manyan gasa har allo ake gindayawa tsakanin mutum da abokinsa. Mu kwalin sukari muka yayyanka ƙanina ya rubuta da maka, tun daga nan tarin Kawu ya warke.

Yanzu an sallama, su ne da kwangila, ɗan kwangila yana damanka, kai ne da jifa. Kada ka taɓa kati tukuna. Maimaita gwanjon a ranka daga farko. Nawa suka nuna? In sun je gem sai ka ba su 25 ko 26, ka haɗa da naka, ka cire daga 40, abin da ya rage na abokinka ne. Kana da 13 sun je gem, to abokinka ba shi da ko na shan shayi, kada ka jefa kati kana fatan zai taimaka. Kana da 3, shi ne mai kayan, nemo gidansa maimakon naka. In kunne ya ji jiki ya tsira, a nan ba karin magana ba ce kawai.

In abokinka ya ambaci gida, fito da shi, sai da dalili mai ƙarfi za ka ƙi. Biyu gare ka jefa na sama, uku ko huɗu da babba a ciki jefa ƙarami. Ko ba a dace ba ka tsira da mutuncinka.

A Ba-turam sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, tunda ba mai yanka, in aka ƙarar da manyan wani gida 'yan ƙananan da suka rage duk ci ne. Shi ya sa ake cewa fito da gidanka mafi tsawo da ƙarfi. In akwai jere uku a sama kamar K Q J ko Q J 10 ko J 10 9 jefa na saman. In babu jere jefa na huɗu daga sama, misali K J 7 4 2 ka jefa 4. Wannan na huɗun ba al'ada ce kawai ba, lissafi ne ake aika wa aboki, ana ce masa ƙa'idar 11. Ka cire lambar katin daga 11, abin da ya rage shi ne yawan katunan da suka fi shi girma a hannaye ukun da ba na mai jifa ba. Kawu ya taɓa jefa 7 ta Zuciya, shanya ta sauka da K 5 2, ni ina da A J 9 3. Sha ɗaya ba bakwai, huɗu. Sarki a shanya ɗaya, As da Jak da 9 a hannuna uku, huɗu sun cika, kenan ɗan kwangila ba shi da ko ɗaya da ya wuce 7. Ya sa 2 daga shanya, ni kuma na sa 3 na naɗe hannu. Tela har ya miƙo hannu zai kwashe, ya duba ya ga 6 ce babbarsa. Bakwai ta ci, Kawu ya sake turo Zuciya ta ratsa Sarkin nan, muka kwashe huɗu a gidan Sarki bai ci komai ba. Da na yi gaggawar sa As da na naɗa masa rawani da hannuna.

Amma ni ban yarda a bi "mafi tsawo" ido rufe ba. Sun ce 1 Ba-turam, 3 Ba-turam, kai kuma ga ka:

Mashi J 10 9 4, Zuciya 7 3, Daiman K 8 6 4 2, Ganye 8 5

Sabon shiga zai jefa 4 ta Daiman. To tambayi kanka, ko Daiman ɗin ta nuna ta wace ƙofa za ka shiga ka girbe ta, maki 4 ne da kai duka. Sannan mai amsa bai yi tambayar Stayman ba, kenan da wuya yana da babban gida mai huɗu, tsawonsa a ƙananan gidaje yake, wato Daiman ɗin da kake shirin kai kanka. Jak na Mashi zan jefa, ba ya ba da komai kyauta, kuma ya fi kusa da faɗawa inda abokina yake da kaya. Abin da ba su faɗa ba ma labari ne.

In da turam kuwa labari ya sauya, dogon gida ba ya kai ka ko'ina dan a zagaye na biyu ko na uku za a yanka. Ci mai sauri ake nema. A K a gida ɗaya shi ne jifa mafi daɗi, mu As muke fara sawa, ka ci ka ga shanya sannan ka yi shawara, abokinka kuma ya sa babban kati in yana so ka ci gaba, ƙarami in ba ya so. Bayansa jere, a nan ko biyu ma sun isa, K Q ko Q J.

Abin da ba a yi shi ne jefa ƙarami a ƙarƙashin As. Ni na yi, shi ya sa nake faɗa da zafi. Wani dare na hunturu, mun koma zaure saboda iska, fitilar sola a rataye, mai shayi ya aiko da zagaye na biyu, su tela suka je 4 Mashi. Ina da Daiman A 8 6 3, na ce bari in yi wayo in ɓoye As, na jefa 3. Shanya ta sauka da Q 7 5, aka sa 5, Kawu ya sa 9, tela ya ɗora Sarki yana murmushi. Ashe Sarkin tilo ne. Can da na samu shiga na buga As ɗina da ƙarfi, ya ɗauko 'yar 2 ta Mashi ya yanke shi kamar kaza. Sun ci 10 cif, mu 3, na huɗun da zai kayar da su shi ne As ɗin da na yi wa rowa. Kawu bai ce komai ba sai da ya shanye shayinsa ya kife kofin, sannan ya ce, "Ɗan nan, As ɗin nan ajiye shi ka yi sai bikin autarka?" Na ce, "Kawu a yi haƙuri." Ya ce haƙuri ai ba ya shiga littafin maki. Gidan da kake da As ba Sarki, mafi alheri ka bar shi a jira a kawo maka, in kuwa dole ne to As ɗin da kansa. A Ba-turam babu laifi a jefa ƙarami ƙarƙashinsa, tunda ba mai yanke shi daga baya.

Kati tilo fa? Kowa yana sonsa, ka jefa, abokinka ya ci ya dawo maka ka yanka. Yana aiki in hannunka rarrauna ne, dan a lokacin ne abokinka ke da ƙofar shiga, ya fi kyau ma in kana da As na turam da ƙanana yadda ba za a zuƙe maka turam kafin ka yi yankan ba. In kai ne mai makin duka wa zai dawo maka? In kuma turam ɗinka Q J 10 ne ai ci ne da kansa, yankan ba ƙari. Mai turam huɗu ma gara ya fito da dogon gidansa ya riƙa tilasta wa ɗan kwangila yanka har nasa su gaza naka.

Inda kunne ya fi aiki shi ne sanin yaushe za ka kai hari yaushe za ka lallaɓa. Na hagunka ya buɗe 1 Daiman, na dama 1 Mashi, na hagu ya yi tsalle 3 Daiman, aka ƙare a 4 Mashi.

Mashi 7 4, Zuciya K J 6 2, Daiman 8 5 3, Ganye 10 8 6 4

An gaya maka ƙiri-ƙiri shanya za ta zo da Daiman shida masu ƙarfi, naka ukun ba za su tare komai ba. Da ya samu shiga zai kwashe turam ya zubar da duk ruɓaɓɓun katinsa a kan Daiman. Ba lokacin tsoro ba ne, 2 ta Zuciya, ko da yake ƙarƙashin Sarki ne. In abokinka yana da As ko Kwin kun samu, in babu dama can Sarkin ba zai ci ba. Amma in sun hau gem da ƙyar suna jan ƙafa, babu wanda ya nuna dogon gida, to ba su da rara, kada ka ba su kyauta, jefa abin da ba zai cutar ba ka bar shi ya yi ta laluben Kwin da kansa.

Ga kuma na turam. Na dama 1 Mashi, na hagu 1 Ba-turam, na dama 2 Zuciya, na hagu fas.

Mashi K J 9 4, Zuciya 8 5 3, Daiman Q 7 2, Ganye J 6 4

An ba na hagu zaɓi ya guji Mashi, kenan ɗaya gare shi ko babu, ɗan kwangila kuma shirinsa ya yanka Mashinsa a shanya. Mashin nan kuwa kai ka tare su. Jefa turam, in ka sake shiga ka ƙara, kowane zagaye ka rage masa yanka ɗaya. Turam tilo dai kada ka fito da shi, sau da yawa abokinka ne ke da huɗu ka tona masa asiri.

In sun je silam abokinka da ba shi ne da jifa ba ya ce dabul, ba cika baki yake ba, ana kiran wannan dabul ɗin Lightner, roƙo ne ka jefa gidan da ba a zata ba, galibi wanda shanya ta fara ambata, dan wataƙila wayam yake a can yana jiran yanka. Haka in ya yi dabul a kan 2 Ganye ta Stayman, Ganye yake so.

Shekaranjiya wannan ya zo min, har yau ana musu a kansa. Na dama 1 Mashi, na hagu 2 Mashi, na dama 4 Mashi, ba su ce komai ba bayan wannan.

Mashi 8 3, Zuciya A 9 6 2, Daiman K 7 5 3, Ganye Q 6 4

Zuciya ta fita daga lissafi, na riga na sha wannan dukan. Ganye ƙarƙashin Kwin tsirara ban so ba. Saura 3 ta Daiman ko turam. Ni turam na jefa, dalilina shanya rarrauna ce ba ta nuna dogon gida ba, manyan katunan suna damana ni kuma ina bayansu, duk gidan da na buɗe shi na yi wa aiki. Ƙanina ya rantse Daiman ce, wai wanda ya yi tsalle zuwa 4 yana da gida na biyu a ɓoye da zai zubar da kaya a kai. Tela ya goyi bayansa dan kawai ya ɓata min rai. Kawu dai ya ce a sake rabawa kafin sola ta mutu, kuma wannan karon ta dama.